Dimenshiya da Cutar Alzaima: Nazarin Bambancinsu da Matsalar Raɗa Musu Suna a Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da masu fassara ilmin likitanci zuwa Hausa suke fuskanta akwai ta kalmomi biyu waɗanda kullum ake jin su tare, har aka ɗauka ma'anarsu ɗaya ce. Kalmomin su ne dimenshiya da Alzaima. A gidajen rediyo da jaridu sau da yawa akan fassara kowaccensu da "cutar mantuwa", a cikin gari kuwa akan haɗa su duka a ce "gigin tsufa", wani lokaci ma a ce hauka. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da dimenshiya a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu kuwa suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. A kowace shekara ana samun sababbin kamu kusan miliyan 10. Idan suna ya rikice, fahimta ma sai ta rikice, wanda zai ɗanɗana kuɗar rikicin kuwa shi ne tsoho ko tsohuwar da ke kwance a ɗaka. Saboda haka wannan maƙala za ta bayyana ma'anar kowace kalma, ta nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, sa'an nan ta duba sunayen da Hausa take da su, don a ga wanda ya dace da wanda bai dace ba.

2.0 Kalma Mai Tarawa da Kalma Mai Warewa

Ɗalibin ilmin ma'ana ya san cewa a kowane harshe akwai kalmomi masu faɗin ma'ana waɗanda suke tara abubuwa da yawa a ƙarƙashinsu, akwai kuma masu ƙunƙuntar ma'ana waɗanda suke ware abu guda daga cikin tarin. Alal misali, hatsi kalma ce mai tarawa. Gero da dawa da maiwa kuwa kalmomi ne masu warewa. Duk gero hatsi ne, amma ba duk hatsi ne gero ba. Sai dai kuma idan abu ɗaya ya rinjayi 'yan'uwansa da yawa, yakan ƙwace sunan da suka yi tarayya a kansa. Shi ya sa a wasu kare-karen Hausa na yamma da na arewa, inda gero ya fi yawa a gonaki, idan aka ce hatsi to gero ake nufi.

Misalin da ya fi kusa da batun wannan maƙala shi ne zazzaɓi. Zazzaɓi alama ce da jiki yake nunawa, abubuwan da suke kawo shi kuma suna da yawa: cizon sauro, taifot, sanƙarau, ƙyanda, ko gyambon da ya ruɓe. Amma tun da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a ƙasar Hausa, da mutum ya ce yana zazzaɓi sai a ɗauka shi ne. Illar wannan ɗauka sananniya ce, domin mai taifot yakan yi kwanaki yana shan maganin da ba nasa ba.

Dangantakar dimenshiya da Alzaima ita ma haka take. Dimenshiya ita ce kalma mai tarawa, watau sunan wani hali da ake gani a jikin majiyyaci. Alzaima kuwa sunan cuta guda ce daga cikin cututtukan da suke jefa mutum cikin wannan hali, kuma ita ce ta fi yawa, gama tana ɗauke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu dimenshiya.

3.0 Ma'anar Dimenshiya

Asalin kalmar daga Latin ne, inda aka haɗa ɗafi mai nuna rabuwa da kalmar da take nufin hankali. A wurin likitoci a yau, ba a cewa mutum yana da dimenshiya sai sharuɗɗa uku sun cika.

Sharaɗi na farko shi ne a sami raguwa a ayyukan ƙwaƙwalwa, kamar tuna abu, sarrafa magana, gane wuri da lokaci, tsara aiki daki-daki, lissafi, da rarrabe abin da ya kamata da wanda bai kamata ba. Sharaɗi na biyu shi ne raguwar ta zama faɗowa ce daga matsayin da mutum yake a da. Wanda aka haifa da ƙarancin fahimta, wanda Hausa take kira dolo ko gaɓo, ba ya cikin wannan lissafi. Likitan Faransa Esquirol ya fayyace wannan tun a 1838, inda ya kwatanta mai dimenshiya da attajirin da ya tsiyace, ɗayan kuwa da wanda tun fil'azal bai taɓa mallakar dukiyar ba. Sharaɗi na uku shi ne raguwar ta kai ga hana mutum tafiyar da al'amuransa na yau da kullum shi kaɗai.

Wannan sharaɗi na uku shi ne ya raba dimenshiya da mantuwar da tsufa yake kawowa. Dattijon da ya manta inda ya ajiye carbinsa, ya laluba ya gano, ko sunan wani jikansa ya kwanta masa, can an jima ya faɗo masa, lafiyarsa lau. Amma dattijon da ya shekara 40 yana ciniki a kasuwa, yau ya kasa ba da canjin naira 200 daga 500, ko tsohuwar da ta ɗora tukunya ta rasa abin da ake fara zubawa, ko limamin da ya ɓata tsakanin gidansa da masallacin da yake jan salla, waɗannan sun wuce mantuwar tsufa. Gaskiya ne shekaru su ne babban abin da yake kusantar da mutum ga wannan hali, domin daga shekara 65 yawan masu kamuwa yakan ninka a kusan kowace shekara 5. Duk da haka da yawa sukan haura 90 da hankalinsu garau, kuma kusan kashi 9 cikin 100 na masu dimenshiya ta kama su ne tun ba su kai 65 ba.

Akwai kuma wani hali da ake rikita shi da dimenshiya, watau ɗimuwar farat ɗaya. Tsoho yana lafiya jiya, yau ya tashi yana sambatu, bai san inda yake ba, da safe ya ɗan farfaɗo, da dare ya sake rikicewa. Irin wannan yakan biyo bayan zazzaɓi mai zafi, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da ya sha. Ɗimuwa tana zuwa cikin sa'o'i ko kwanaki, kuma tana buƙatar asibiti nan take, gama in an magance sanadinta yawanci takan wuce. Dimenshiya kuwa cikin watanni da shekaru take rarrafowa.

4.0 Cutar Alzaima

4.1 Tarihin Gano Ta

An samo sunan cutar ne daga wani likita Bajamushe mai suna Alois Alzheimer, wanda ya rayu daga 1864 zuwa 1915. A watan Nuwamba na 1901 aka kawo wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt inda yake aiki. Ciwonta ya fara ne da zargin mijinta, sa'an nan mantuwa ta yi mata yawa, tana ɓata a cikin gidanta, tana ɓoye kaya, tana kururuwa da dare. Idan aka ce ta rubuta sunanta, sai ta fara ta kasa ƙarasawa. Da ta rasu a watan Afrilu na 1906, aka aika wa Alzheimer ƙwaƙwalwarta a birnin Munich inda ya koma da aiki. Ya yayyanka ta falle-falle, ya rina, ya duba da madubin likita mai ƙara girman abu, sai ya ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule da suka daskare a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka harɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Ya gabatar da abin da ya gani a taron likitoci a Tubingen a watan Nuwamba na 1906. A 1910 shugabansa Emil Kraepelin ya sa wa cutar sunan Alzheimer a cikin littafinsa na ilmin taɓin hankali.

Abin lura a nan shi ne, tun da matar ba ta tsufa ba, kusan shekara 60 likitoci suka yi suna ɗaukar Alzaima a matsayin cuta mai wuyar samu wadda take kama masu matsakaitan shekaru kawai. Rikicewar tsofaffi kuwa sai aka jingina ta ga tsufa ko ga sandarewar jijiyoyin jini. A 1968 wasu masana uku a Newcastle ta Ingila, Blessed da Tomlinson da Roth, suka nuna cewa dunƙulen nan suna nan a ƙwaƙwalwar tsofaffin da suka rikice, kuma yawansu yana tafiya da tsananin rikicewar. A 1976 likitan Amurka Robert Katzman ya kafa hujja cewa cutar guda ce, ko ta kama mai 50 ko mai 80. Daga nan ne sunan Alzaima ya bazu, har ya nemi ya haɗiye kalmar dimenshiya a bakin jama'a, kamar yadda gero ya haɗiye hatsi.

4.2 Yadda Take Aiki a Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika wa 'yan'uwanta saƙo. A 1984 Glenner da Wong suka gano furotin mai suna amiloyid, wanda shi ne yake taruwa ya zama dunƙulen da Alzheimer ya gani. A 1986 kuma aka tabbatar cewa zaruruwan nan wani furotin ne mai suna tawu. Aikin tawu a ƙwayar da take da lafiya shi ne riƙe 'yan hanyoyin da abinci da saƙo suke bi a cikinta. Idan ya lalace ya harɗe, sai hanyoyin su wargaje, ƙwayar ta mutu. Wannan ɓarna takan fara shekara 10 zuwa 20 kafin a ga wata alama a waje.

Wurin da ɓarnar take fara tsananta shi ne wani sashe da ake kira hifokamfas da kewayensa, wanda aikinsa shi ne ɗaukar sabon abu ya adana. Wannan ne dalilin da ya sa alamar farko a mafi yawan masu Alzaima ita ce mance abin da ya faru yanzu-yanzu, alhali na da can yana nan daram. Tsohuwa za ta ba da labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, da sunan wadda ta yi mata rakiya, amma ta ce ba a ba ta abincin rana ba ga kwanon a gabanta. Takan maimaita tambaya ɗaya sau goma, domin amsar ba ta sami wurin zama ba. Idan ta ajiye kuɗi ta manta, sai ta ce an sace, zargin kuwa yakan faɗa kan surukar da take ɗawainiya da ita.

Daga nan ɓarnar takan bazu zuwa sassan magana da gane wuri, sai kalmomi su fara ɓacewa, mutum ya riƙa cewa "abin nan" a madadin sunan abu, ya kasa gane fuskokin 'ya'yansa. A ƙarshe yakan kasa tafiya da riƙe bawali da haɗiyar abinci. Galibi majiyyaci yakan rayu shekara 4 zuwa 8 bayan an gano cutar, ko da yake wasu sukan kai 20.

Game da gado kuwa, akwai wasu 'yan zuri'o'i da cutar take bin jininsu kai tsaye tana kama su da wuri, saboda tangarɗa a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gado guda uku da aka gano tsakanin 1991 da 1995, amma waɗannan ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. A 1993 an gano wata ƙwayar gadon da take ƙara haɗarin kamuwa ba tare da ta tilasta shi ba. Saboda haka don uban mutum ya yi Alzaima a tsufansa, ba lalle ne shi ma ya yi ba.

5.0 Sauran Cututtukan da Suke Kawo Dimenshiya

Ta biyu a yawa ita ce dimenshiyar jijiyoyin jini. A nan amiloyid ba shi ne mai laifi ba. Jini ne yake kasa isa wasu sassan ƙwaƙwalwa, ko dai saboda bugun jini babba irin mai shanye ɓarin jiki, ko saboda toshewar ƙananan jijiyoyi a hankali. Hawan jini da ciwon sukari da shan taba su ne manyan masu share mata hanya. Sau da yawa takan sauko ne hawa-hawa kamar matakala, watau mutum ya faɗo, ya tsaya a nan wata da watanni, sa'an nan ya sake faɗowa. Nawar tunani da kasa tsara aiki da jan ƙafa sukan riga mantuwa bayyana.

Ta uku ita ce mai ɗauke da sunan Lewy, likitan da ya fara ganin wasu 'yan curi na furotin a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a 1912. Mai wannan cuta yakan yi gane-gane ƙarara, ya ce ga yara zaune a kan gado ko ga dabbobi a tsakar gida. Hankalinsa yakan zo ya tafi a cikin yini ɗaya, jikinsa ya sandare, ya riƙa karkarwa, kuma cikin barci yakan yi ta duka da shuri yana aikata abin da yake mafarki. A farkonta mantuwa ba ta cika tsanani ba.

Ta huɗu ita ce mai cin goshin ƙwaƙwalwa da gefenta, wadda Arnold Pick ya fara bayyana irinta a birnin Prague a 1892. Takan kama mutum tsakanin shekara 45 da 65, kuma hali take fara canzawa. Mutumin da aka sani da kunya da kawaici sai ya koma ashar a gaban surukai, ya ɗauki kayan mutane a kasuwa, ya daina tausayin iyalinsa, alhali yana tuna komai. A wasu kuwa magana ce take fara lalacewa.

Ya kamata a sani cewa a cikin tsofaffi tukuf, sau da yawa cuta biyu sukan haɗu a ƙwaƙwalwa ɗaya, musamman Alzaima da ta jijiyoyin jini.

Bayan waɗannan akwai wasu lalurori da suke kawo alamomin dimenshiya amma ana iya magance su ko a rage su ƙwarai. Daga ciki akwai ƙarancin bitamin B12, raunin halittar nan ta wuya wadda kumburinta yake zama maƙoƙo, taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, jinin da ya kwanta a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, tunjere da ya daɗe, ƙanjamau, yawan shan giya, da ciwon damuwa mai tsanani wanda yakan sa tsoho ya yi shiru ya zama kamar ya mance duniya.

6.0 Amfanin Bambancewa

Mai karatu yana iya tambaya, tun da yawancin cututtukan nan ba su da maganin warkewa, mene ne amfanin wahalar rarrabe su? Amfanin farko shi ne wanda aka ambata yanzu. Idan aka ce duk rikicewar tsoho Alzaima ce, ko tsufa ne, to wanda allurar bitamin ko 'yar tiyata za ta dawo da shi hayyacinsa sai a bar shi ya lalace a banza.

Amfani na biyu shi ne magani ya bambanta. Magunguna irin su donefezil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, da memantin a 2003, suna sassauta alamomin Alzaima na ɗan lokaci, amma ba su da wani amfani ga mai cutar goshin ƙwaƙwalwa. Sababbin alluran da suke share amiloyid, watau lekanemab da aka amince da shi a 2023 da donanemab a 2024, na masu Alzaima ne kaɗai a farkonta, bayan an tabbatar da amiloyid ɗin ta hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin ruwan laka. A gwajin da aka yi na wata 18, lekanemab ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin 100, amma yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma an sa masa farashin dala 26,500 a shekara. Mafi haɗari duka shi ne mai cutar Lewy: idan aka ga yana gane-gane aka ɗauka hauka ne, aka ba shi magungunan masu taɓin hankali masu ƙarfi, suna iya sandarar da shi har su kai shi ga halaka.

Amfani na uku shi ne rigakafi, wanda ya fi magani. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na dimenshiya. Daga cikinsu akwai ƙarancin ilmi a ƙuruciya, kurumta da raunin gani da ba a kula da su ba, hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, shan taba, buguwa a kai, kaɗaici da gurɓatacciyar iska.

Nijeriya tana da nata gurbi a wannan ilmi. Daga 1992 masana na Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiyana suka yi shekaru suna kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 ne suke kamuwa da dimenshiya a Ibadan, a can kuwa kashi 3.24, kuma a wuraren biyu Alzaima ce ta fi yawa. Wani bincike da aka yi a kan tsofaffi a Zariya, aka buga a 2011, shi ma ya sami Alzaima a gaba, ta jijiyoyin jini tana biye.

A nan ne aikin masana harshe yake shigowa. Gwajin tambayoyi mai maki 30 da Folstein ya tsara a 1975, wanda ya bazu a asibitocin duniya, yana tambayar kwanan wata na Bature, yana sa a ɗebe 7 daga 100 a jere, a rubuta jimla, a kwafi zane. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, wadda take lissafin lokaci da watan azumi da kaka da bazara, za ta faɗi wannan gwaji da lafiyarta. Shi ya sa masu binciken Ibadan suka yi amfani da gwajin da bai dogara ga karatu ba, suka haɗa da tambayar wani na kusa da tsohon, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fassara irin wannan gwaji zuwa Hausa ta fi ƙarfin likita shi kaɗai. Sai da wanda ya san harshen da al'adar.

7.0 Matsalar Suna a Hausa

Idan aka auna kalmomin da ake da su da ma'aunin sharuɗɗan da aka kawo a baya, za a ga kowace tana da giɓi.

"Hauka" da "taɓin hankali" suna jawo kunya da ɓoyo, kuma sukan kai majiyyaci inda za a ɗaure shi ko a yi masa turare maimakon asibiti. Mafi muni shi ne tsohuwar da ta fita da dare ta ɓata, aka tsince ta a wata unguwa tana maganar da ba a fahimta, sai a ce mayya ce, in an matsa mata da tambaya kuma ta amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba.

"Gigin tsufa" da "ruɗewar tsufa" suna da tausasawa, kuma sun yi daidai da girmamawar da Bahaushe yake yi wa manya. Aibinsu shi ne sun ɗora laifin a kan tsufa, watau sun nuna abu ne da ba makawa, ba kuwa a kai mutum asibiti don ya tsufa. Bugu da ƙari, sun fitar da mai shekara 50 daga lissafi, alhali matar da aka fara gano Alzaima a jikinta 51 gare ta. Haka kuma "gigi", kamar yadda yake a "gigin barci", abu ne mai wucewa, don haka ya fi dacewa da ɗimuwar farat ɗaya.

"Cutar mantuwa" ta kusa dacewa da Alzaima, tun da mantuwa ce alamarta ta farko. Amma ba za ta iya zama kalma mai tarawa ba, domin mai cutar goshin ƙwaƙwalwa da mai cutar Lewy ba da mantuwa suke farawa ba, kuma kalmar "cutar" tana nuna cuta guda.

Sauya suna saboda irin wannan dalili ba sabon abu ba ne. A 2004 gwamnatin Japan ta yi watsi da tsohuwar kalmarsu mai ma'anar wauta, ta maye gurbinta da wadda take nufin lalurar fahimta. A 2013 ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Amurka ita ma ta kawo sabon suna a kundinta, ko da yake ta bar tsohon yana aiki.

Shawarar wannan maƙala ita ce a yi amfani da "dusashewar hankali" a matsayin kalma mai tarawa. Aikatau "dusashe" a Hausa ana yin sa ne ga abin da yake da haske ko ƙarfi a da, sa'an nan ya riƙa raguwa sannu a hankali, kamar fitila ko murya ko launin tufa. Ke nan ya ƙunshi sharaɗin faɗowa daga matsayin da, da kuma na tafiya a hankali. "Hankali" kuwa a wurin Bahaushe ya haɗa tunani da lura da ladabi da sanin ya kamata, don haka ya ɗauki wanda halinsa ya canza kamar yadda ya ɗauki wanda ya manta. A ƙarƙashinta sai a jera cutar Alzaima, da dusashewar hankali ta jijiyoyin jini, da cutar Lewy, da cutar goshin ƙwaƙwalwa. Ana iya sukar wannan suna da cewa yana kusa da "taɓin hankali" a kunne. Sukar tana da ƙarfi, kuma masu jin harshen ne za su yanke hukunci, domin kalma ba ta zama sai baki ya karɓe ta.

8.0 Kammalawa

An ga cewa dimenshiya suna ne na halin da ake gani, Alzaima kuwa suna ne na cuta guda mai dunƙulen amiloyid da zaren tawu, wadda ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan hali. An ga kuma cewa ragowar kashi 30 zuwa 40 suna da nasu alamomi da nasu magani, wasu ma ana warkewa daga gare su. Abin da ya rage ga sassan koyar da Hausa shi ne su haɗa kai da likitocin ƙwaƙwalwa, a tattara kalmomin da ake amfani da su a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, a daidaita su, a kuma fassara gwaje-gwajen asibiti yadda za su dace da tsofaffin ƙasar Hausa. Idan ɗa ya kai mahaifiyarsa asibiti aka ce masa tana da dusashewar hankali, ya kamata harshensa ya ba shi damar yin tambaya ta gaba, watau wace cuta ce ta kawo ta.